Ƙazuwar da Ba ta Goggo Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi ran Goggo, yayar mahaifinmu, a ɗakinta na ƙuryar gidanmu da ke unguwar Misfala a Makka, da hantsi, tana kishingiɗe, shayin da aka kai mata bai ko huce ba. Da la'asar aka yi mata salla a Harami, maza suka wuce da ita maƙabartar Ma'ala, mu mata muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida muka zauna karɓar gaisuwa.

Tabarmin sun yi mana yawa. Wannan shi ne abu na farko da zan faɗa, don har yanzu yana ci mini rai. Matar da ta yi wa rabin amaren Misfala da Jarwal ƙunshi, ranar mutuwarta sai da muka naɗe tabarma biyu muka jingine a bango don kada wurin ya yi kama da kango.

Wata tsohuwa ta taso tun daga unguwar Ka'akiyya, ƙafarta duk ƙura. Ita ce ta yi kuka na gaskiya. Ta zauna dirshan a bakin ɗakin Goggo tana cewa, "Ita ta ƙunsa ni, ita ta ƙunsa 'yata. Wayyo Hajiya, wa zai riƙe mana hannu?" Aka ba ta ruwa, aka ce ta yi haƙuri, kuka ba ya dawo da mamaci.

Sai matan Jarwal suka shigo a jere. Ba wadda ta miƙa hannu. Kowace ta ɗora tafinta a ƙirji ta ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan rai," ta nemi wuri kusa da ƙofa. Ɗaya ta tsaya tana duban shimfiɗa, ta tambayi ta kusa da ita, wai wace ce tabarmar da marigayiya take kwana a kai. Aka zagayo da gahawa da dabino, wata ta ce azumi take yi, alhali na ga bakinta yana motsi tun daga zaure. Can na ji wata ta sunkuya ta ce da maƙwabciyarta, "Allah Ya jiƙan Ummu Jarab dai."

Jarab, da Larabci, ita ce ƙazuwa. Uwar ƙazuwa ke nan. A gidanta, a zaman makokinta.

Na yunƙura zan tashi, sai na ji an riƙe mini gefen zane. Matar wana ce, butar gahawa a ɗaya hannun, kanta a ƙasa. Idonta ne ya roƙe ni. Na koma na zauna, don na san abin da take tsoro. Matar wana ba ta da iƙama, wato takardar zama. Da fasfon Hajji ta shigo ta zauna wurin mijinta, kuma aikin raino da wanki da take yi a wani babban gida a Jarwal shi ne rufin asirinta. Maigidan can ya taɓa miƙa wata 'yar aiki ga jawazat, masu kula da takardun zama, a kan abin da bai kai ya kawo ba, aka sa ta a jirgin ruwa a Jidda, ba a sake jin ɗuriyarta ba. In gaskiyar maganar Goggo ta fita daga bakina a tsakar gidan nan, kafin magariba ta isa Jarwal.

To, bakina na rufe. Amma ban yi alkawarin rufe alƙalami ba. Matan Jarwal ba sa karanta boko, uwar ɗakin matar wana kuwa ba ta jin Hausa, suna kuma ba zan kama na kowa ba. Ku 'yan'uwa da ke gida, da yaranmu da za su taso, ku san wace ce Goggo.

Mai ƙunshi ce. Tun tana da ƙuruciya suka taso daga Kano ita da mijinta, a ƙafa, suna yada zango suna noma a gonakin mutane a Sudan har suka ƙetare teku. Mijin ya samu takardar zama ɗan ƙasa kafin ya rasu, ita ma ta samu a ƙarƙashinsa. Ba ta da ɗa a raye. Abin da ta mallaka shi ne kwando ɗaya: garin lalle, lemon tsami, tsummoki masu tsabta, da wani gwangwani da ba ta buɗe shi a gaban mutane.

In za ki gaisa da Goggo, ki shirya. Ba ta sakin hannu. Tana tambayar ki maigida, tana tambayar yara, babban yatsanta yana buɗe yatsunki ɗaya bayan ɗaya, ta juya tafin, ta ture warwaro ta dubi wuyan hannu. Mutane da yawa sun ɗauka tsabar ƙauna ce. Ni ranar da na sauka daga Kano, bayan na gama sakandare Baba ya aiko aka kawo ni, na fizge hannuna na ce, "Goggo, akuya kike saye?"

Ta ce, "Akuya ai haƙori ake dubawa. Kawo ɗayan, 'yar boko. Kwana nawa kika yi a cunkushe da mutane?"

Daga baya na gane. Lalle yana rufe fata. In aka ƙunsa hannun da ƙazuwa ta fara kamawa, sai launi ya ɓoye ta, amarya ta shiga gidan miji da ita, ita kuma mai ƙunshi ta kwashe ta kai gida na gaba. Don haka Goggo ba ta taɓa kwaɓa lalle ba sai ta ga hannu tsirara, a hasken rana, ba a hasken fitila ba.

Garin nan kuwa kowa yana susa. Da zafi ya kama, babba da yaro sai ƙuraje, don haka duk wadda aka tambaya amsarta ɗaya ce: zafi ne. Goggo tana da tambayoyinta. "Da rana yake cin ki ko in kin kwanta?" "Ke kaɗai, ko har yara?" "Wa ya kwana a shimfiɗarki a watan jiya?" Takan ce ƙurajen zafi 'yan wuya ne da gadon baya, suna tashi da gumi, a yi wanka su kwanta. Ita kuwa ƙazuwa ɓarauniya ce, sai jiki ya yi ɗumi a cikin mayafi take fitowa aiki. Wurarenta sanannu ne: tsakanin yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, hammata, cibiya, inda zane yake ɗaure a ƙugu, ƙarƙashin mama. Fuskar babba ba ta cika damunta ba, amma jariri har tafin ƙafa da kai take bi. Abin da take nema da ido shi ne wani ɗan layi siriri, gajere, a karkace, kamar an binne silin zare a ƙarƙashin fata, da ɗan ƙurji mai ruwa a ƙarshensa. In ta ga wannan, magana ta ƙare.

"Kuma kada ki ce jiya kika ɗauka," in ji ta. "Takan yi wata a jikin mutum tana shiru. Ranar da kika fara susa, ta riga ta gaisa da duk mutanen gidanku."

Na ce mata a makaranta an nuna mana hoton abin a littafi, ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa rami a fata ya zauna ya yi ƙwai. Na zaci za ta musa. Sai ta yi dariya har tana tari, ta ce, "Ashe ɗan haya ne! Shi ma ya zo Hajji ya ƙi komawa." Daga ranar, in ta gano shi a hannun wani sai ta kalle ni ta ce, "Malama, baƙonki ya sauka."

Amma a gaban mai hannun ba ta taɓa kiran sunan cutar. Nan muka sha bamban. Ni in na ga abu sai na faɗa. Ita sai ta saki hannun a hankali ta ce, "Lallen yau bai yi kyau ba, 'yar nan. Ki biyo ni gida ki karɓi saƙo." A gida take buɗe gwangwanin. Farar wuta ce da take saya wurin mai kayan magani, ta niƙa ta kwaɓa da man shanu. Ta ɗebar wa mutum, ta yi masa bayani a ɗaki, ƙofa a rufe: kowa da kowa a gidan zai shafa, mai susa da marar susa, daga wuya har yatsun ƙafa, a tafasa tufafi, a baza shimfiɗa a rana. Wanda ya ce shi lafiyarsa ƙalau, takan ce masa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Sau ɗaya tak ta faɗa mini dalilin wannan naci. Tana tankaɗe garin lalle ne a inuwar bango, ba ma ni take kallo ba. Ta ce a hanya ta haifi 'ya mace. A wani zango da suka daɗe suna jiran jirgi, mutane kwance jiki da jiki, yarinyar ta fara goga ƙafafunta da juna tana kuka. Kowa ya ce zafi ne, ita ma ta ce zafi ne. Yarinyar ta sosa har ƙurajen suka fashe suka yi ruwa, suka zama gyambo, jiki ya kumbura. "A can muka bar ta," in ji Goggo. Ta buga rariyar a tafinta. "Ba ƙaiƙayin ne ya kashe ta ba. Rashin ido ne." Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba, kuma wannan ba halina ba ne.

Yanzu ga abin da ya faru.

Kowa ya san yadda muke yi in Hajji ya zo. Ɗakunanmu mukan bar wa alhazai, mu kwashe kanmu mu hau saman soro har su tafi. A shekarar, cikin waɗanda suka sauka a ɗakin Baba akwai wani dattijo mutumin ƙasarmu, mai yawan karatu, Baba ya ƙaunace shi ƙwarai. Goggo ba ta taɓa ganin hannunsa ba, tun da ba ta gaisawa da maza. Ranar da zai tafi ya ciro bargonsa ya ba Baba. Ya ce da shi ya tsaya a Arfa, a cikinsa ya kwana a Muzdalifa, ba shi da abin da ya fi shi daraja. Baba ya karɓa hannu biyu. Motar alhazan ba ta gama fita daga lungu ba sai Baba ya kira matar wana ya ce a shimfiɗa wa ɗanta, jikansa, ya kwana a cikin albarka. Yaron a lokacin yana shan nono.

Muharram ya wuce lafiya. A ƙarshensa ma Goggo ta je gidan da matar wana take aiki ta yi wa 'yan matan gidan ƙunshi, za su biki. Safar ya kama da zafinsa, yaron ya fara rigima. Uwarsa ta rame don rashin barci, tana fita da sassafe, ta dawo ta same shi yana kuka.

Wata Juma'a bayan azahar muna zaune, yaron yana kwance a cinyar uwarsa yana goga tafin ƙafarsa da ɗaya. Na ga Goggo ta ajiye carbi. Ta ce, "Miƙo min shi." Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta buɗe 'yan yatsun ƙafar, ta buɗe dunƙulen hannun. Ta daɗe. Sa'an nan ta ce da uwar, "Naki."

"Goggo, zafi ne. Kowa ma yana yi."

"Zafi ba ya bin tsakanin yatsu. Mai wanka ba ya ɓoye cibiya, kawo."

Matar wana ta miƙa. A wuyan hannunta, ƙarƙashin warwaro, ga layin nan guda biyu, ni ma da nake tsaye a bayanta na gan su.

"Tun yaushe kike susa in kin kwanta?"

"An kwana biyu."

"Autan Sitti, wa yake goya shi?" Sitti ita ce uwar ɗakinta, haka ake kiranta.

Matar wana ta ce, "Ni. A jikina yake barcin rana." Sai ta ƙara da cewa, "Goggo, na shiga uku. In ya kama shi, wallahi tarhil ne. Za su mayar da ni gida. Yaron nan fa? Ubansa fa?"

"Yi shiru tukuna. Kuka ba ya tafasa ruwa."

Ranar aka juya gidan. Mai ruwa ya yi ta sintiri da garwa har ya tambaya ko haihuwa aka yi. Aka kunna risho, aka dafa zannuwa kamar ana dafa ganda, aka hau da katifu saman soro. Da aka zo kan bargon, Baba ya tsaya a kai.

"Wannan ba za a wanke shi ba, Yaya. Ƙurar Arfa ce a jikinsa."

Na ce, "Baba, ƙurar Arfa da ƙwaron alhaji. Shi ya kawo mana ita, a ƙone shi ma kawai!"

Baba ya dube ni kamar na zagi alƙibla. Ya ce in ban iya bakina ba zai nuna mini cewa sakandare ba ta fi ƙarfin mari ba. Goggo ta shiga tsakani. Ba ta goyi bayana ba, abin da ya ba ni haushi ke nan. Ta ce, "Ba za a wanke ba, ba za a ƙone ba. Ranar da ta buge shi a Arfa ita ce a saman soron nan, ba wata aka canzo ba. A baza shi ta gasa shi ciki da bai, sa'an nan ka naɗe ka kulle a akwati har wata Sallar. Rana ba ta wanke albarka." Baba ya ɗauki bargon da kansa ya hau.

Dukanmu muka shafa farar wuta, har Goggo, wadda ko ƙurji ɗaya babu a jikinta. Ina so a riƙe wannan. Ni na shafa mata a baya, na ga fatarta. Babu komai. Gidan ya ɗauki wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma da wannan warin matar wana ba ta isa ta taka gidan aiki ba. Aka aika cewa zazzaɓi take yi. Amma zazzaɓi ba ya dawwama, kuma ba wanda ya san halin da autan Sitti yake ciki. Asibiti kuwa matar wana ko hanyar ba ta bi, don tsoron a tambaye ta takarda.

Da safe Goggo ta ce in ɗauki kwandonta in raka ta Jarwal, za ta duba ko ƙunshin 'yan mata ya kama.

Gidan dogo ne, mai tagogin katako, sai da Goggo ta huta sau biyu a matakala. Sitti ta karɓe mu da fara'a, ta sumbaci Goggo a kai, ta sa aka kawo shayi. Ba muguwar mace ba ce, gaskiya ɗaya ce. Larabcina a lokacin bai nuna ba, amma ina ji. Ta fara ƙorafi: autan ba ya barci, yana ta yagar jikinsa, yarinya ta tsakiya ma ta fara. Sai ta rage murya ta ce, "Ya Hajja, dadar nan tamu mai raino, wane irin zazzaɓi ne? Ba wani abu ta kawo mana ba ko? Kin san halin maigidan."

Goggo ta ce a kawo yaron. Ta kai shi bakin taga. Ina kallon fuskarta, kuma na san fuskar. Na yi ta roƙo a zuciyata: ki ce zafi ne, Goggo, ki ce zafi ne mu tafi. Kowa zai yarda. Wa ya fi ki sani?

Ta sauke yaron. Ta ce, "Ya Sitti, jarab ne. Daga hannuna ya fito."

Sitti ta ajiye finjali.

"Ranar da na zo ƙunshin biki yana jikina, ban sani ba. Na riƙe 'yan matan, na ɗauki autan na yi masa wasa. Ki shinshina, ga warin magani a jikina." Ta miƙa hannuwanta. Shekara da shekaru na lalle sun mayar da su baƙi wuluk, ba mai iya gane akwai ko babu. "Dadarku ma ni na shafa mata. Ni na hana ta zuwa don kada ta ƙara muku. Ba ta da laifi."

Sitti ta fizge ɗanta ta rungume. Ta yi ihu, ta kira sunan Allah, ta ce da Goggo abubuwan da ba zan rubuta ba. Goggo ba ta motsa ba. Ana korar ta tana bayani, kamar mai karanta wa kurma wasiƙa: kowa zai shafa, har maigida, har mai dafa abinci, daga wuya zuwa ƙafa, yaron har kai amma a kiyaye ido da baki, a yanke masa farce, a tafasa, a shanya. Ta ciro gwangwaninta gaba ɗaya ta ajiye a kan matakala. Muna sauka aka wurgo mana kwandon, garin lalle ya watse a kan matakalar har ƙasa.

A titi na kasa haƙuri. Na ce, "Goggo, ƙarya kika yi."

"Na yi."

"A Makka! Da tsufanki!"

"Ni za a tambaya, ba ke ba. Tattara min tsummokin nan."

"Da kin yi shiru mana! Da kin ce zafi ne!"

Ta tsaya ta dube ni. "Yaron fa? Don ba namu ba ne sai a bar shi ya yi gyambo?"

"To ki faɗi gaskiya! Bargon alhaji ne, ba laifin kowa ba ne."

"Je ki faɗa wa maigidan haka, ki ga ko zai aika jawazat su kamo bargo." Ta gyara mayafi. "Ni ina da takarda. Ina za su kai ni? Ma'ala? Can ɗin ai dama na nufa."

Na ce sana'arta ta mutu. Ta ce ta sani, ta kuma ce in daina ɗaga murya a titi kamar mai tallan kifi. Har muka isa Misfala ban yi mata magana ba, kuma na yi kwanaki ina gaishe ta a tsaye. Har yau ban yarda cewa wannan ce kaɗai hanya ba. Amma an ba ni shekara biyu in kawo wata, ban kawo ba.

Maganar ta zaga Jarwal, ta gangaro Misfala. Gidajen Larabawa suka daina aikowa. Ban yi mamaki ba. Namu ne suka ba ni mamaki. Matan da Goggo ta rufa wa asiri a ɗakinta, ƙofa a rufe, su ne suka fara janye 'ya'yansu in ta wuce. Bikin farko da aka yi a lungunmu ba tare da ita ba, tana zaune tana jin guɗa, ta ce da ni, "Ko wa ya duba hannun yarinyar nan?" Abin da ya dame ta ke nan.

Yaran Sitti suka warke. Matar wana ta koma aiki, har aka yaba mata da ta yi hankali ta zauna a gida. Kullum in ta dawo sai ta fara shiga ɗakin Goggo ta durƙusa ta gaishe ta, ta share mata ɗaki, ta wanke mata kaya. Ban taɓa jin sun ta da maganar ba. Sau ɗaya na ji ta fara, "Goggo, ni dai..." Goggo ta ce, "Ke dai miƙo min buta."

Masu zuwa ba su daina zuwa ba, lokaci suka canza. Da tsakar rana, sa'ad da zafi ya kori kowa daga titi, sai ki ji ana ƙwanƙwasa a hankali. Mace ce da yaro a ɓoye cikin mayafi. "Hajiya, dubar min, zafi ne ko?" Goggo ta kai shi bakin ƙofa, ta duba, ta ɗebo magani a sabon gwangwani. Su karɓa da gefen zane don kada yatsunsu su taɓa nata. Na ce ta kore su. Ta ce yaran ba su yi mata komai ba. Na san fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga ko ɗaya a kan tabarmar makoki ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ta daina miƙa hannu. In baƙuwa ta shigo, sai ta cusa hannuwanta a ƙarƙashin mayafi ta gaisa da ka, don ta sauƙaƙa wa mutane. Matar da ba ta sakin hannu.

Ni ba na son ƙunshi. Ba ni da haƙurin zama kamar gunki ana jiran ganye ya bushe. Amma ana gobe Sallah ƙarama, wadda ta zama ta ƙarshe gare ta, na shiga ɗakinta na zauna na miƙa mata hannu biyu. Ta dube su, ta dube ni.

"Malama, yau kuma boko ya halatta?"

"Ki yi ko in tashi."

Ta kama. Yatsunta sun yi sanyi, suna rawa. Ta ja ni bakin ƙofa ta buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta juya, ta duba wuyan hannu, ni da muke kwana gida ɗaya. Sa'an nan ta kwaɓa. Layukan sun karkace, ɗan yatsa ɗaya ma ta tsallake shi. Ta yi ta mita cewa garin ya tsufa. Na zauna har ya bushe ban ce uffan ba, ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe.

Ranar uku da rasuwarta, matar wana ta tafi aiki, don an ba ta kwana biyu ne kawai. Da yamma ta dawo da babbar tukunya a ka, shinkafa da nama irin wadda mutanen garin nan suke yi wa mamaci, har da zafinta. Ta sauke a gaban Baba ta ce Sitti ce ta aiko. Ta ce Sitti ta yi hawaye, ta ce Allah Ya yafe wa Hajja, ita ta yafe mata.

Na ce, "Ta yafe mata?"

Baba ya ce, "Ke."

Matar wana ba ta tashi ba, tana durƙushe tana murza gefen zaninta. Na ce, "Sai me kuma? Faɗi."

"Ta ce tukunyar ku riƙe. Kada a mayar."

Tukunyar jan ƙarfe ce, mai kyau, ba irin wadda ake kyauta da ita ba. Kowa a wurin ya gane: ƙyamar abin da ya shigo gidanmu take yi. Na ce wallahi ni zan mayar da ita da hannuna, in hau matakalar nan in faɗa wa matar wace ce ta yafe wa wa. Na riga na ɗauki mayafi. Baba bai hana ni ba, ya dai sunkuyar da kai. Ɗan wana, wanda yanzu yake tafiya da ƙafarsa, ya zo ya dafa gwiwar uwarsa yana leƙen shinkafa.

Matar wana ta ɗago ta ce, "Ta kuma ce gobe in zo da wuri. Akwai wanki."

Na daɗe a tsaye. Sa'an nan na ajiye mayafin, na ɗauko faranti na fara zubawa.

Ya Allah, Kai ne Ka san abin da ta faɗa da abin da ta nufa. Ka jiƙan Goggo, Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da 'yarta da ta bari a hanya. Amin.